*CIWON GWIWA DA SANYIN ƘASHI: ABIN DA ZA A CI, DA ABIN DA ZA A RAGE*



Da hunturu ya shigo, ku duba sahun Asuba a masallatan Ƙofar Atiku, za ku ga dattawa da yawa sun koma salla a zaune, gwiwa ta hana sujada. A cikin gida kuwa iyayenmu mata sai sun dafa bango kafin su tashi daga tabarma.

Ku sani, abin da muke kira sanyin ƙashi kala-kala ne. Akwai na zaizayewar guringuntsi saboda shekaru da nauyin jiki, akwai wanda garkuwar jiki ce ke far wa gaɓoɓi, akwai kuma na taruwar sinadarin yurik asid, mai yawan kama babban yatsan ƙafa cikin dare. Abinci ba ya mayar da guringuntsin da ya zaizaye, amma yana iya rage kumburi da raɗaɗi, in sha Allah.

Ku fara da citta, wadda Allah Ya ambata a Suratul Insan, aya ta 17. A yanka ɗanyarta kamar tsawon gaɓar yatsa, a tafasa minti 10, in ta ɗan huce a zuba zuma kaɗan, a sha kofi safe da yamma. Mai ciwon suga ya bar zumar.

Kurkum kuwa, wato gangamau, shi kaɗai jiki ba ya zuƙarsa sosai. Sai an haɗa shi da ɗan masoro da abu mai maiƙo, shi ya sa ya fi kyau a cikin miya ko madara mai ɗumi. Rabin ƙaramin cokali ya isa a wuni. Kuma a yi haƙuri don Allah, aikinsa na makonni ne, wasu kwana uku suke yi su ce ƙarya ne.

Man zaitun a zuba cokali ɗaya a kan dafaffen wake ko kwaɗon zogale. Habbatus sauda da hadisinta ya zo a Bukhari da Muslim, rabin ƙaramin cokali na manta ya wadatar, yawanta ba ya ƙara saurin waraka. Kifi mai maiƙo irin titus sau biyu a mako yana taimaka wa mai kumburin gaɓoɓi.

To amma mai yurik asid, a nan fa sai hattara. Sadin ba naka ba ne, haka hanta da ƙoda da sauran kayan ciki, kuma balangu da tsiren dare a rage sosai. Lemon kwalba a bar shi, a yawaita ruwa. Mun san Basakkwace da nama, amma shi yatsan ba ya jin lallashi.

Mai ƙiba kuma, duk kilo 1 da ka rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Rage tuwon dare da sugan shayi ya fi kwalaben magani da yawa.

*A kiyaye:* mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ko asfirin, mai tsakuwar matsarmama, da mai juna biyu, kada su ɗauki citta da kurkum a matsayin magani sai sun tambayi likita. Ƙwayoyin “haɗi” da ake ƙullawa a leda ba suna, ku raba iyayenku da su, shansu kullum yana cin ciki, yana lalata ƙoda.

In gaɓa ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ko yaro mai sikila ne ke kukan ƙashi, kada a tsaya dafa citta. A wuce Asibitin Ƙwararru ko UDUTH a ranar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.