Bargon da Goggo Martha ta kai fadar Windsor

Shirin namu na yau a kan bargo ne, bargo guda ɗaya tak, wanda wata manomiya a Laberiya ta shafe kimanin shekara 25 tana ɗinkawa da allura da zare. Da ta gama kuma ba ta aika da shi ta hannun kowa ba. Ta naɗe abinta, ta shiga jirgin ruwa tana da shekara kusan 76, ta ƙetare teku, ta miƙa wa wadda ta ɗinka dominta, wato Sarauniya Victoria ta Ingila.

Sunanta Martha Ann Ricks. Mutanen Laberiya har yau Anti Martha suke ce mata, mu kuma a nan sai mu ce Goggo Martha.

An haife ta cikin bauta a jihar Tennessee ta Amurka wajen shekarar 1817. Mahaifinta, George Erskine, mai wa'azin Kirista ne da ya samu 'yancinsa, ya yi ta fafutukar tara kuɗi har ya fanshi matarsa da 'ya'yansa. A 1830 iyalin suka bi sahun baƙaƙen fatar da wata ƙungiyar Amurkawa ke kwasowa tana saukewa a gaɓar Afirka ta Yamma, a wurin da ya zama ƙasar Laberiya a 1847. Ba su daɗe da sauka ba zazzaɓi ya shiga gidan. Uba ya tafi, uwa ta tafi, yawancin yaran suka bi su. Martha da 'yan'uwanta maza biyu ne suka rage, ita kuwa a lokacin ba ta wuce shekara goma sha uku ba.

Yarinyar ta girma, ta yi aure, mijin ya rasu, ta sake wani auren, ta zauna a Clay-Ashland, wani gari a bakin kogin Saint Paul, sama da Monrobiya kaɗan. Noma take yi da kiwo: rake, citta, gahawa, ga talotalo da agwagi da tumaki. Hannunta kuma ya iya allura. A bikin baje kolin ƙasa na 1858 ta ci kyauta saboda safar da ta saƙa.

To me ya haɗa wannan baiwar Allah da sarauniyar Ingila?

Jiragen ruwa ne suka haɗa su. Tun 1808 sojojin ruwan Birtaniya ke sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma, suna tare jiragen masu fataucin bayi, suna kwance mutanen da aka ɗaure a ciki, suna sauke su a Freetown ta Saliyo. Ga wanda bai san bauta ba, wannan labari ne na siyasa. Ga matar da aka haifa a matsayin dukiyar wani, wadda sai da ubanta ya biya kuɗi kafin ta zama mutum a idon doka, abin ya wuce haka. Victoria ta hau gadon sarauta a 1837, kuma Birtaniya ce ƙasa ta farko da ta amince da 'yancin Laberiya a 1848, tun Amurka ba ta yarda ba. Sai Martha ta ƙudurta a ranta cewa ba za ta mutu ba sai ta ga matar nan ido da ido ta yi mata godiya. Kuma ba a zuwa gaban sarki hannu rabbana.

Nan ne bargon ya shigo, kuma a nan ya kamata mu ɗan tsaya, don a gane irin aikin da ake magana a kai.

Irin wannan bargo ba saƙa shi ake yi ba, ɗinka shi ake yi. Shafi uku ne: yadi a ƙasa, auduga a tsakiya, yadi mai ado a sama, sai a bi da allura a haɗe su ukun da ƙananan ɗinki jere-jere, yadda audugar ba za ta dunƙule waje guda ba. Duk wanda ya taɓa shafa lifidin doki a hawan salla ya san dabarar. Matan da suka fito daga kudancin Amurka su suka zo da wannan sana'a Laberiya, don tun a gonakin bauta suke harhaɗa ƙyallayen da suka rage su yi abin rufa.

Na Goggo Martha kuwa ba na ƙyallen tsumma ba ne. Farin yadi mai sheƙi ta shimfiɗa, ta dasa itacen gahawa a tsakiyarsa, gindi ɗaya ya miƙe sama, rassa suka bazu hagu da dama. Ganyaye sun haura 300, kore shar, ga jajayen 'ya'yan gahawa sun nuna a jikin rassan. Ku dubi ganye ɗaya kawai. Sai an yanka shi da almakashi, da ɗan tsininsa a baki. Sai a lanƙwasa gefensa ciki da farce, siriri, don kada zare ya warware. Sai a ɗora shi a inda ya dace, a riƙe, a zagaye shi da ɗinkin da ido ba zai kama ba. Yadi mai sheƙi santsi gare shi, yana zamewa a ƙarƙashin yatsa, kuma idan allura ta huda wurin da bai dace ba, tabon na nan. Wannan ganye ɗaya ke nan. Saura ɗari uku, saura 'ya'yan, saura haɗa shafi ukun. Kuma mai aikin ba a ɗakin ɗinki take wuni ba, tana da gona, tana da dabbobi, tana da gida.

Zaɓen itacen ma ba a banza ta yi ba. Laberiya na da irin gahawarta na asali, mai dogon itace da manyan ganye, wanda masana tsirrai suka raɗa wa sunan ƙasar. A shekarun 1870, da wata cuta ta cinye gonakin gahawar tsibirin Silon, wato Sri Lanka ta yau, duniya ta juyo tana neman irin na Laberiya, manoman bakin kogin Saint Paul suka samu kasuwa. Ashe abin da take gani a bayan gidanta kullum, abin da take ci da shi, shi ta ɗora a kan yadi ta ce a kai wa sarauniya.

Shekara 25, masu sauraro. Jaridun Ingila na lokacin sun ce burin ganin sarauniyar ya kai shekara 50 a zuciyarta, kuma duk tsawon lokacin tana ajiye 'yan kuɗi kaɗan-kaɗan na jirgi. Ana ba da labarin yadda maƙwabta suka riƙa yi mata dariya, har burin nata ya zama abin zolaya a gari. Ba a ga laifinsu sosai ba. Tsohuwa manomiya, ba sarauta, ba muƙami, ta ce za ta shiga fadar da ke mulkin kusan rubu'in duniya. Amma ita ba ta ajiye allurar ba, kuma wannan ne ya fi komai burge mai gabatar muku da shirin: aiki irin wannan, dubbai sun fara shi sun bar shi a ƙasan akwati, magada su tarar da rabi. Ita ta kai nata ƙarshe.

Dama ta samu a 1892. Jane Roberts, matar marigayi Joseph Jenkins Roberts, shugaban Laberiya na farko, za ta tafi Ingila, sai Martha ta bi ta. Tafiya ce ta kimanin mil 3,500. Suka sauka a Liverpool, 'yan jarida suka ji labarin tsohuwar da ta zo daga Afirka da kyautar sarauniya, suka yi ta bugawa. Jakadan Laberiya a Landan a lokacin shi ne Edward Wilmot Blyden, malamin nan da ya wallafa littafi a 1887 a kan Kiristanci da Musulunci da baƙar fata, wanda daga baya ya shugabanci harkar ilimin Musulmi a Saliyo. Shi ya nema mata iso.

Ranar Asabar, 16 ga Yuli, 1892, Martha Ann Ricks ta shiga fadar Windsor. Tsofaffi biyu suka tsaya gaba da gaba, ɗaya mai shekara 73, ɗaya ta ɗan girme ta. Victoria mace ce mai rubuta abin da ya faru da ita kowace rana, kuma ta rubuta wannan. Ta ambaci fuskar baƙuwar tata mai nuna kirki, ta kuma ce da ta miƙa mata hannu, tsohuwar ta riƙe hannun ta yi ta girgizawa ba ta saki ba. Ba haka ake gaisawa da sarauniya ba a tsarin fadar. Amma wanda ya jira shekara 50 ba ya sakin hannu da wuri.

A kwanakin ne aka ɗauke ta hoto a gidan hoto na Elliott da Fry, kuma hoton na nan a ajiye a gidan adana hotunan fitattun mutane na ƙasa da ke Landan.

Sai dai akwai abin da ba za a tsallake ba. Ingilar da Goggo Martha ta je yi wa godiya ita ce shekara bakwai kafin nan, a 1885, ta yanke yankin Gallinas daga abin da Laberiya ke kira nata ta haɗe shi da Saliyo. Ita ce a 1886 ta ba kamfanin Royal Niger lasisin mulki a bakin Kwara, kuma shekara goma sha ɗaya bayan wannan musafaha sojojinta suka shiga Kano da Sakkwato. Su kansu baƙin da suka zo daga Amurka sun danne 'yan asalin Laberiya fiye da shekara ɗari. Godiyar Martha gaskiya ce, ta fito daga abin da ta gani da idonta tun tana ƙarama. Masarautar da ta karɓi godiyar kuwa tana da wata fuskar, wadda kakanninmu suka gani.

Lokaci na neman ƙure mana. Martha ta koma Clay-Ashland aka tarbe ta da murna, ta rasu a 1901, shekarar da ita ma Victoria ta rasu. Bargon kuwa an ruwaito cewa an baje shi a kasuwar duniya ta Chicago a 1893, daga nan ya ɓace. Wata Ba'amurkiya mai binciken tarihin wannan sana'a, Kyra Hicks, ta yi shekaru tana bin sawunsa, har ta rubuta wa yara littafi a kan Martha. A 2017 sashen Turanci na BBC ya yi shiri na musamman a kan neman bargon, matan wata ƙungiyar maɗinka a garin Caldwell, kusa da Monrobiya, suka haɗu suka sake ɗinka irinsa. Sana'ar ba ta mutu ba a can, har yau bargon ɗinkin hannu na cikin abin da Laberiya ke ba manyan baƙinta.