Ƙofar injin wanki ta maƙale: ba kullum makulli ne ya lalace ba

A Gagarawa, kamar sauran garuruwan masarautar Gumel, injin wanki mai ƙofa a gaba bai yawaita ba, balle masu gyaransa. Da zarar ƙofa ta ƙi buɗuwa da kaya a ciki, sai a fara lissafin kuɗin mota zuwa Kano. Sau da yawa abin bai kai haka ba.

Yawancin makullan suna da siririn ƙarfe da ke lanƙwashewa idan ya ɗauki zafi, kuma ba ya saki sai ya huce, bayan kamar minti 2. Don haka idan wutar KEDCO ta ɗauke ana tsakiyar wanki, jira ake fara yi. In wuta ta dawo amma ruwa na kwance a ciki, da gangan injin yake riƙe ƙofar, sai an tsiyaye ruwan ta matatar da ke ƙasa.

Alamar dE a injin LG na nufin ƙofa ba ta kulle daidai ba. A cire filogi, a duba ko safa ta shiga bakin roba ko ƙugiya ta karkace, kafin a zargi makulli. Ɓanɓarewa da sukundireba kuwa mariƙi yake karyawa, gyara ya zama biyu.