Fok mai iska na keken hawan dutse

Fok mai iska wani ɓangare ne na keken hawan dutse wanda yake riƙe da tayar gaba, yana kuma shanye girgizar hanya kafin ta kai ga hannun mai tuƙi. Kowace ƙafarsa bututu ne a cikin bututu, mai shiga da fita. A maimakon sifirin na ƙarfe, ana ɗura iska mai matsi a ƙafa ɗaya, yawanci ta hagu, ɗayar kuma tana ɗauke da mai wanda yake rage saurin motsin.

Tarihi

An fara wasan hawan dutse da keke a Kalifoniya ta ƙasar Amurka a shekarun 1970, da kekuna masu fok sandararre. A shekarar 1989 Paul Turner ya kafa kamfanin RockShox, wanda ya fito da fok mai suna RS-1. Da shi ne Greg Herbold ya ci gasar duniya ta gangarowa daga dutse a garin Durango a 1990. Kamfanin SRAM ya sayi RockShox a 2002.

Ƙurewa

Kowane fok yana da iyakar nutsewarsa, daga kimanin milimita 100 a kekunan tseren ƙetare daji zuwa milimita 200 a na gangara. Idan taya ta faɗa rami har fok ya nutse gaba ɗaya, ya ƙure ke nan. Mai tuƙi yakan ji ƙara da bugu a hannunsa. Ƙurewa jefi-jefi a babban rami ba matsala ba ce, don dama an yi fok ne a ci moriyar tsawonsa duka. Amma in yana ƙurewa a kan ƙananan gargada, to iskar ta yi kaɗan, kuma hakan na iya ɓata kayan ciki ko ya ƙwace wa mutum kan keke.

Iska tana ƙara tauri yayin da ake danna ta. Bisa dokar Boyle ta 1662, in aka rage wa iska wurin zamanta da rabi, matsinta yakan ninka. Shi ya sa fok yake da laushi a farkon nutsewa, ya yi tauri a ƙarshe.

Daidaita iska

Ana amfani da ƙaramin famfo na musamman mai agogo, wanda yake kaiwa psi 300. Bawul ɗin irin na tayar mota ne, amma injin mai faci bai dace ba, domin ɗakin iskar ƙarami ne, cikin ƙiftawar ido ma'aunin yake canzawa.

Mai keke zai hau ya tsaya cak, wani ya riƙe masa, sannan a auna yadda fok ya nutse da nauyinsa kawai. Akwai zoben roba a jikin bututun da yake nuna haka. Ana son nutsewar ta kasance kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, wato milimita 18 zuwa 24 a fok mai milimita 120. In ta wuce haka sai a ƙara iska kaɗan-kaɗan, kamar psi 5, a sake aunawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi ta ɗura iska don gudun ƙurewa, har fok ya sandare, taya ta riƙa tsalle tana sakin ƙasa. In ma'aunin ya yi daidai amma ƙurewar ba ta daina ba, maganin shi ne a saka ɗan toshen roba a ɗakin iskar don a rage girmansa.

A ƙasar Hausa

A ƙauyuka irin su Lahodu da ke ƙaramar hukumar Wurno, da garuruwan Rabah da Goronyo a jihar Sakkwato, keke abin zuwa gona da kasuwa ne, kuma wanda aka fi sani shi ne mai fok sandararre irin su Phoenix da Raleigh. Kekunan hawan dutse sukan shigo ne cikin kayan gwanjo, kuma masu araha daga cikinsu sifirin ne a ciki, ba iska ba. In babu bawul a ƙarƙashin murfin da ke saman ƙafar, to galibi ba na iska ba ne.

Wanda ya sami na iska, hanyoyin fadamar Rima za su gwada shi. Iskar da aka auna da nauyin mutum shi kaɗai ba za ta ishi mutum da buhun albasa ba. Zafin bazara, wanda yakan haura digiri 40, yana ɗaga matsin iska, sanyin hunturu kuma ya sauke shi. Ƙurar hunturu tana cin robobin da ke tare mai da iska, don haka a riƙa goge bututun bayan kowace tafiya. RockShox ya ba da shawarar a canza man ƙafafun ƙasa bayan kowace awa 50 ta tuƙi.