Gargaɗi Ga Mai Niyyar Sayen Ƙaramar Kyamarar Fim Mai Tsada

Tun da wayar hannu ta mai da kowa mai hoto, jama'a da yawa sun zaci an yi wa fim jana'iza an watse, sai ga shi a 'yan shekarun nan samari da 'yan mata a Turai da Amurka da Japan, har da waɗansu daga cikin namu, sun koma suna neman tsofaffin kyamarori ruwa a jallo, musamman waɗansu ƙanana masu shiga aljihu waɗanda aka ƙera a Japan domin masu hannu da shuni: Contax T2 ta 1990, da Nikon 35Ti ta 1993, da Leica Minilux ta 1995, da Minolta TC-1 da Ricoh GR1 waɗanda suka fito a 1996. Ita Contax T2 kuwa, tun da wata fitacciya mai suna Kendall Jenner ta nuna tata a wani shirin talabijin na Amurka a 2017, kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo. Hujjar da dillalai ke kafawa ita ce wai gilashin da ke jikin waɗannan ƙananan ya fi na manyan kyamarorin da ake kira SLR, waɗanda ake cire musu gilashi a sauya wani. A cikin wannan da'awa akwai gaskiya, akwai kuma ruɗi, kuma wajibi ne a rarrabe su kafin mutum ya zuba dukiyarsa.

Bari mu fara ba ƙananan kyamarorin haƙƙinsu, gama adalci ya hana a tauye abu don an yi masa ƙari. A cikin kyamarar SLR akwai madubi tsakanin gilashi da fim, wanda ke ɗagawa sama a duk lokacin da aka ɗauki hoto, kuma saboda filin da yake bukata, tazarar da ke tsakanin bakin da ake ɗaura gilashi da fuskar fim a kyamarorin Nikon ta kai milimita 46.5. Wannan ba ya cutar da gilashi mai milimita 50, amma ga mai faɗin gani, irin na 28 ko 35, wanda ɗabi'arsa ita ce ya matso kusa da fim, babbar mushkila ce, har sai da Bafaranshe Pierre Angénieux ya fito da wata dabara a 1950, ta jera gilasai yadda za a tura su gaba a bar wa madubi hanya. Dabarar ta yi aiki, sai dai ta zo da ƙarin gilasai, da ƙarin nauyi, da ɗan lanƙwasar da ake gani a layukan gini a gefen hoto. Ƙaramar kyamara ba ta da madubi, saboda haka maƙeranta suna da 'yancin kai gilashi har dab da fim, su ƙera shi ƙarami, mai kaifi, mai miƙaƙƙun layuka. Shaidar ingancinsa kuwa a fili take: Ricoh da Minolta duka sun ciro gilashin 28 na GR1 da na TC-1, suka sayar da shi daban, kaɗan ƙididdigagge, domin a ɗaura wa kyamarori irin na Leica. Don haka wanda ya ce gilashin GR1 ya kai na SLR mai milimita 28 na zamaninsa, ko ma ya ɗara waɗansu, bai yi ƙarya ba, ko da yake kusantar fim ɗin ita ma tana da tata illar, domin kusurwoyin hoto sukan fi tsakiyarsa duhu.

Inda ruɗin yake shi ne a ɗauki wannan hukunci, wanda ya keɓanta ga gilashi mai faɗin gani, a game shi a kan kowane gilashi. Gilashin nan na milimita 50 mai ƙofar haske 1.8 ko 1.7 ko 2, wanda a da ake haɗa wa mutum tare da Pentax K1000 ko Canon AE-1, dukkansu 'yan 1976, kuma wanda yau yake zube a kasuwar gwanjo ba a ko waiwayarsa saboda yawansa, yana daga cikin mafi nagartar abin da masu wannan sana'a suka taɓa ƙerawa, domin tsarinsa tsoho ne da aka daɗe ana gyara shi har ya nuna. Idan aka tsuke ƙofarsa zuwa 5.6 ko 8, aka wanke hotonsa aka ajiye kusa da na Contax T2, wanda ke ɗauke da gilashin Carl Zeiss Sonnar mai milimita 38, to, da wuya ko gwani ya iya rantsewa a kan wanne ya fi kaifi. Idan kuwa haske ya yi ƙaranci, kamar bayan magariba ko a cikin zaure, nan fifikon SLR ke bayyana ƙarara, domin galibin ƙananan nan iyakar buɗewarsu 2.8, ta TC-1 ma 3.5, alhali kuwa ƙofa 1.8 tana shigar da haske fiye da ninki biyu na 2.8, ƙofa 1.4 kuma ninki huɗu cif.

Sa'an nan kuma gilashi ba shi kaɗai ke yin hoto ba. Ƙaramar kyamara ita ke zaɓa wa mutum inda za ta daidaita gani, kuma tun da tagar leƙawarta daban take da gilashin ɗauka, mai hoto ba ya sanin ta kama fuskar mutum ko bangon da ke bayansa ta kama, sai bayan an wanke fim, lokacin da biki ya riga ya watse. Mai SLR kuwa ta cikin gilashin kansa yake leƙawa, abin da idonsa ya tabbatar shi zai samu. Ga kuma batun saurin ƙyaftawa. Contax T2 ba ta wuce kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, alhali Nikon FM2 ta 1982 tana kai ɗaya cikin 4000. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da muke zaune a ƙasar rana, domin wanda ya sa fim mai lamba 400 ya fita da tsakar rana, dole ƙaramar kyamarar ta tsuke ƙofa har wajen 16, a nan kuwa duk wata falalar da aka biya kuɗi dominta ta tafi, gilashi mai tsada da mai araha sun zama kusan ɗaya. Balle kuma yawancin masu sayen, hotunan nasu a fuskar waya suke ƙarewa, bayan mai wanki ya juye su cikin kwamfuta a gaggauce.

Amma babban abin da ya sa na ga wajabcin wannan tunatarwa shi ne al'amarin lalacewa. Waɗannan kyamarori sun ba shekara ashirin baya, waɗansu sun haura talatin, kuma kome nasu a kan lantarki yake: ɗan inji ke fito da gilashi, shi ke mai da shi, shi ke jan fim, ta hanyar waɗansu siraran wayoyi masu lanƙwasuwa waɗanda yawan buɗewa da rufewa ke tsinkawa. Leica Minilux ta yi ƙaurin suna da alamar E02, wadda in ta bayyana sai a yi wa mai ita jaje. Ricoh GR1 kuma an san ta da gogewar rubutun ɗan allonta. Kamfanin Kyocera, mai ƙera Contax, ya bar sana'ar kyamara tun 2005, Konica Minolta ta bi sahu a 2006, saboda haka babu sababbin kayan gyara daga gare su, sau da yawa sai dai a yanka wata a rufa wa wata asiri. Mai sayen irin wannan kamar wanda ya sayi tsohon doki ne don kyan sirdinsa, alhali an ɗinke sirdin a gadon bayansa, ranar da dokin ya faɗi da sirdin za a binne. Gilashin SLR kuwa, in jikin kyamara ya mutu, sai a kwance shi a ɗaura wa wani; K1000 da FM2 ma batirinsu na awon haske ne kawai, ko babu shi suna ɗauka, kuma makaniken kyamara mai haƙuri yana iya buɗe su ya share ƙurar hunturu.

Ban ce ƙaramar ba ta da fa'ida ba. Matafiyi da ke son abin da zai jefa a aljihun riga, ya ciro ba tare da ya tara wa kansa jama'a ba, yana da uzuri karɓaɓɓe, muddin dai ya san cewa ƙanƙanta yake saye da kuɗinsa. Irin wannan mutum ya sani malamanmu na fiƙihu sun haramta ɓoye aibi a ciniki, sun kuma ba mai saye damar mayar da haja idan aibin ya bayyana, to, ya nemi wannan sharaɗi a rubuce kafin ya biya, musamman in ta intanet ne daga wata ƙasa. Ya sa batir ya ga gilashi ya fita ya koma sau da yawa ba tare da gargada ko wata baƙuwar ƙara ba. Ya buɗe bayanta ya haska tocila ta cikin gilashi ya duba fumfuna da hazo. Ya tabbata kowane harafi na allon yana fita. Ya ɗauki fim guda cikakke, kusa da nesa, a rana da inuwa, a wanke ya gani da idonsa. In mai sayarwa ya ƙi yarda da gwaji, a bar masa kayansa.

Ɗalibi kuwa mai son koyon sana'ar, ko wanda kyan hoto kaɗai ne muradinsa, shawarata gare shi ita ce ya nemi SLR mai lafiya da gilashin milimita 50 mai tsabta, ragowar kuɗin ya saye fim da su, ya nemi mai wanki na ƙwarai.