Rufin Asiri a Ƙasar Noman Rani

Bahaushe yakan roƙi Allah rufin asiri fiye da yadda yake roƙon dukiya. Abin da yake nufi shi ne ya ci, ya tufatar da iyali, ya fita kunyar dangi, ba tare da maƙwabci ya ji kukansa ba. Watau tsoron a san da rashi yakan kai tsoron rashin kansa.

Ƙasar Kura da Bunkure ta isa misali. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka janyo ruwa zuwa filayen Kadawa da kewaye, noman rani ya zauna da gindinsa: alkama, tumatir, daga baya shinkafa. Amma noma ne mai cin kuɗi kafin ya bayar, ga taki, ga hayar tarakta, ga kuɗin ruwa, ga ladan 'yan ƙwadago. Wanda ya gaza sai ya ba ɗan kasuwa ko ma'aikaci daga birni hayar filinsa. Duk da haka, ranar da zai aurar da 'ya, sai an jera mata kayan ɗaki, an kai gara, ko da jinginar da sauran gonar za a yi. Ya kuwa sha jin malamai suna cewa gara al'ada ce, ba sharaɗin aure ba.

Mai kallo daga nesa zai ce wauta ce ko fariya. Akwai fariya, amma ba ita ce tushe ba. A karkara bashi ba ya bin takarda, mutunci yake bi. Mai taki da dillalin tumatir suna duba wanda ake ganin yana da hali kafin su ba da lamuni. A shekarar asara irin ta 2016, da ƙwaro ya cinye tumatir a Kano, mai mutunci ne ke samun wanda zai tayar da shi. Haka kuma amaryar da aka kai da ɗaki wayam, gorin kishiya da dangin miji ita zai bi shekara da shekaru.

Abin lura shi ne, asirin ba a ɓoye yake ba. Gari duka ya san wa ya ba da hayar fili, wa ya ci bashi. Abin da manomin yake saye da garar nan shi ne shirun mutane, domin wanda ya fita kunya, ba a tona shi a majalisa, kuma masu shirun su ma suna da 'ya'ya mata a gida.