IN MOTA TA MUTU DA TSAKAR RANA, KADA A ZARGI ALJANNU

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, bazara ta shigo. A Yamai, cikin watan Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40. Mutum na wahala, dabba na wahala. To, mota ma haka take.

Wata ranar Lahadi na taso daga kasuwar Baleyara cikin wata tsohuwar Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya. An cika ta da mutane da awaki da kwandunan tumatir. Da azahar sai ta fara shaƙewa, ta yi tari, ta tsaya. Direba ya yi ta murza makulli har batir ya kusa ƙarewa. Wani ya ce sammu ne. Kafin mu isa Yamai, tumatir ɗin wata tsohuwa ya laushi, ta sayar da shi rabin kuɗi. To, da mace mai naƙuda ce ake kai wa asibiti fa?

Mene ne dalili?

Isansi ba kamar ruwa yake ba. Ruwa sai ya kai digiri 100 yake tafasa. Shi kuwa isansi, wani sashensa tun wajen digiri 40 yake fara zama tururi. Tsofaffin motoci masu karbireta, irin 404 da 504, famfonsu na isansi a jikin inji yake, inda zafi ya fi yawa. Famfon nan yana jawo isansi daga tanki ta cikin tiyo. In isansi ya zama tururi cikin tiyo, famfo ba ya iya tura shi. Inji ya rasa abinci, sai ya mutu, alhali tanki cike yake. Motocin zamani ba su cika yin haka ba, don famfonsu yana cikin tanki.

In abin ya faru, me za a yi?

A tura mota ƙarƙashin inuwa. A buɗe murfin inji iska ta shiga. A jiƙa tsumma da ruwa, a ɗora bisa famfo da tiyon isansi. A dakata kamar rabin awa, sannan a tayar. Kada a kwara ruwan sanyi bisa inji mai zafi, yana iya tsagewa. Kada a buɗe murfin radiyata, ruwan zafi zai ƙone fuska. Kada kowa ya kunna taba kusa.

Rigakafi ya fi magani

1. Makaniki ya nisantar da tiyon isansi daga bututun hayaƙi, ya naɗe shi da abin da ke tare zafi, wanda ba ya kama wuta.
2. A kakkaɓe ƙura da ciyawa daga radiyata, a duba ruwansa kowace safiya kafin a tayar da inji.
3. A duba igiyar fanka, kada ta yi sako-sako.
4. A sake matacin isansi in ya toshe.
5. Mai hali ya sa famfon lantarki kusa da tanki.
6. Kada a yi wa mota lodin da ya fi ƙarfinta.
7. A yi sammako, ko a jira la'asar.

Ku da kuka koyi karatu, ku karanta wa direban garinku wannan. Ku fasinjoji kuma, in direba ya ce a dakata mota ta huce, ku yi haƙuri. Sauri ya haifi nawa.

Allah ya kai mu gida lafiya, amin.