Kauɗa: Yadda manoman Tambuwal da Kebbe ke ceton tumatirinsu daga ruɓewa

Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin noman rani ke nuna gaba ɗaya a fadamun Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato, babban tashin hankalin manomi shi ne inda zai kai amfaninsa. Kowa ya tsinko a lokaci guda, kasuwa ta cika ta batse, farashi ya faɗi, wani lokaci kuɗin kwando ba ya mayar da abin da aka kashe a man injin ban-ruwa da taki. Shi kuwa tumatir ba ya jira. Kwana uku ko huɗu a cikin zafi sun isa ya fara ruɓewa.

A nan ne kauɗa ke shigowa, wato tumatirin da aka yanyanka aka shanya ya bushe. Tsohuwar dabara ce a ƙasar Hausa, irin wadda ake yi wa kuɓewa da barkono da ganyen albasa. A garuruwa irin su Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da Kuchi, aikin ya shafi gida gaba ɗaya: maza na kawowa daga fadama, mata da yara na yanka da shanya.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗanyen tumatir ruwa ne, shi ya sa kilo 100 idan ya bushe da ƙyar yake kai kilo 10. Wannan raguwar ita ce amfanin abin. Da zarar ruwan ya fita, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi ba su da wurin yaɗuwa, kuma abin da zai cika kwanduna da dama sai ya shige buhu ɗaya. Yanayin yankin ma ya taimaka, domin iskar hunturu busasshiya ce, sannan a Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40.

Ribar tana zuwa ne da damina. Daga Mayu zuwa Agusta ɗanyen tumatir yana ƙaranci, farashinsa ya tashi, sai gidaje da masu sayar da abinci su koma ga kauɗa. A jiƙa ta a ruwan ɗumi, a haɗa da tattasai da attarugu da albasa a niƙa, a yi miya. An ga darajarta a 2016, da kuma 2024, lokacin da tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma ke kira Sharon, ta cinye gonaki a Arewa har tumatir ya gagari talaka.

Sai dai yadda ake shanyar yana rage mata daraja. Da yawa suna baza ta a ƙasa ko a gefen titi, inda yashi da ƙura ke shiga, ƙuda su sauka, awaki da kaji su bi ta kai. Sakamakon shi ne kauɗa baƙa mai tsakuwa, wadda ’yan kasuwa ke saye da arha. Abin da ya fi haɗari shi ne ɗurawa a buhu tun ba ta gama bushewa ba, domin tana yin hunhuna, kuma wasu nau’o’in hunhuna na fitar da gubar da ke illa ga hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta.

Gyaran bai buƙatar kuɗi mai yawa. A zaɓi tumatir nunanne mai tauri, irin su UTC da Roma masu ƙarancin ruwa, a ware ruɓaɓɓu, a wanke kafin a yanka. A raba shi biyu ko huɗu, a barbaɗa gishiri kaɗan, a jera wajen yankan yana kallon sama a kan tabarma mai tsabta bisa rumfar da ta ɗaga daga ƙasa. A rufe da raga ko gidan sauro saboda ƙuda, a riƙa juyawa, a shigar da shi ɗaki da dare. Yakan ɗauki kwana huɗu zuwa mako guda. Idan aka matsa ba a ji danshi ba, ya yi. Sai a bar shi ya huce, a zuba a jarka ko roba mai murfi, a ajiye nesa da ƙasa.

Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Ƙasa, mai hedikwata a Ilorin da reshe a Kano, ta ƙera rumfar busarwa mai rufin leda da ke tara zafin rana, wadda ke gaggauta bushewa ta kuma tsare jan launin tumatir. Kuɗinta ya fi ƙarfin ƙaramin manomi shi kaɗai, amma ƙungiyar manoma ko ta mata za ta iya haɗa hannu ta mallaka.

An daɗe ana sa rai masana’antu za su kwashe rarar tumatir. Kamfanin Dangote da ke Kadawa a Kano, wanda aka buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, ya sha tsayawa, kuma yana da nisa daga Kebbe. Kafin irin wannan masana’anta ta matso kusa, abin da ke hannun manomin Tambuwal da Kebbe shi ne wuƙa da tabarma da rana, kuma tsabtar shanyarsa ce za ta yanke farashin da zai samu idan damina ta faɗi.